Wai yanzu a Zango wa ke da ta cewa a maganar aure?

Anti Rabi Asawase: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai, ina so mu tattauna tsakani da Allah ba don faɗa ba. A ganina auren Zango, wato unguwanninmu na Musulmi a nan Kumasi ta Ghana, ya fita daga hannun dangi kuma har yau bai samu hannun da ya riƙe shi da kyau ba. Da in saurayi ya zo neman aure tambayar farko ita ce ɗan gidan wa ne, Bahaushe ne ko Moshi ko Zabarma ko Kotokoli ko Wangara, a tura wajen sarkin ƙabilarsu a bincika asalinsa. Yanzu tambayar farko a wane masallaci yake sallah, yana wazifa ko ba ya yi, ta biyu kuma yana da ɗaki ko babu. Ƙabila ta ja baya, wannan kam na ji daɗinsa wlh, amma in auren ya samu matsala ba mai zama ya gyara, dattijan gida su ce ai ba mu muka haɗa ba su suka ga juna a waya, malamin da ya ɗaura ya ce shi fatiha aka kira shi ya yi, sai ka ga yarinya ta dawo ɗakin uwarta da goyo ba takardar aure ba takardar saki ba wanda zai tsaya mata. Ɗalibaina na Islamiyya ne nake ganinsu haka, shi ya sa abin ke damuna.

Alhaji Garba Alabar: Wa alaikumus salam Malama Rabi. Kin taɓo babbar magana. Amma bari in gyara abu ɗaya, yaran yanzu suna zaton da can kowa ƙabilarsa kawai yake aure, ba haka ba ne. Kakanninmu fataucin goro ya kawo su, bayan yaƙin Salaga na 1892 fatake suka watse wasu Kete Krachi wasu Yeji wasu suka gangaro nan Kumasi, kuma yawancinsu ba su zo da mata ba, nan suka auri Gonjawa da Dagomba da Gurunshi har da Tonawa wato Asante. Duk wanda ya ce miki shi Bahaushe ne tsantsa a Zangon nan ki tambaye shi kakarsa ta wajen uba. Abin da ya riƙe auren a lokacin maigida ne. Baƙo ya sauka gidan maigida, shi zai ba shi ɗaki, shi zai sayar masa da kaya, in ya ga hankalinsa shi zai nema masa mata ya tsaya masa a matsayin uba, to in ka wulaƙanta yarinyar ba ita ka taɓa ba maigidanka ka taɓa, kuma gobe ba ka da wurin kwana ba ka da mai ba ka bashi a kasuwa. Tsoron nan ne babu yanzu.

Alhaji Garba Alabar: Sannan 1969 da Firayim Minista Busia ya ba baƙi sati biyu su bar ƙasa, ina yaro amma na ga motoci cike da mutane da tabarmi da tukwane, gidaje suka rabu, miji ya tafi Najeriya ko Nijar ko Upper Volta wato Burkina Faso ta yanzu, mata ta tsaya da yara don ita 'yar nan ce. Daga lokacin mutane suka rage tinƙaho da asalin ƙasarsu, kowa ya koma cewa ni Musulmi ne ɗan Zango ɗan Ghana. To in ka ajiye ƙabila dole wani abu ya zama shi ne ma'auni, sai addini ya hau wurin.

Abdul Fita Magazine: Salam iyayena. Alhaji da Anti duk gaskiya kuka faɗa amma ni dai ku bar ni in faɗi namu na samari, mu ba aƙida ta hana mu aure ba kuɗi ne. Ina aikin gyaran mota a Suame tun ina yaro, na ƙware, ina samu Alhamdulillah, amma ka je neman ɗaki mai gida ya ce adibans na shekara biyu alhali doka ma wata shida ta ce, ka gama wannan a kawo maka lis na lefe, akwati kaza atamfa kaza leshi takalma jaka turare, sai kuɗin gaisuwa, sai goro, sai yayi wato anko kala biyu ko uku, kanofi da kujeru da dije da mai hoto da mai mekof, sadakin da Allah ya ce a bayar shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin gaba ɗaya. Kuma mu ake zagi a wa'azi wai muna zaune a bes, majalisarmu ta samari, muna shan ataya mun ƙi aure. Wa ya ƙi aure?

Ustaz Nuru Sawaba: Malam Abdul Allah ya buɗa maka. Abin da muke faɗa kenan shekara da shekaru ana ce mana masu tsanani. Annabi SAW ya ce wa sahabi ya nemo ko da zoben ƙarfe ne, ya ce wa Abdurrahman bin Auf ya yi walima ko da akuya ɗaya, Allah ya ce a Suratun Nur aya ta 32 in matalauta ne zai wadata su daga falalarsa. Ina dije a nan? ina rufe titi kwana uku maza da mata a cakuɗe? A masallacinmu bayan sallar Asuba ko bayan Juma'a waliyyi da shaidu biyu da sadaki, an gama, a raba dabino, kuma samari da yawa sun yi aure ta wannan hanyar da da yanzu suna nan a bes.

Malam Hadi Aboabo: Ustaz ba a musun hadisi, mu ma a Risala muka karanta mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne tun kafin a haifi da yawa a gurup ɗin nan. Amma tunda Malama Rabi ta ce tsakani da Allah to a faɗi duka. Ku da kuka sauƙaƙa biki ku ne kuma kuka kawo tambayar da ba a san ta ba, ni na san gida a Aboabo Namba Tu da aka mayar da goron yaro, yaro mai sana'a mai sallah mahaddaci, laifinsa kawai ubansa muƙaddami ne. Tun zuwan Shehu Ibrahim Inyass Kumasi a 1952 gidajen Zango da yawa Tijjanawa ne, da ɗalibai suka fara dawowa daga Madina da sabon karatu aka shiga jayayya har ta kai ga doke-doke a shekarun 1990, manya sun sasanta Alhamdulillah amma ragowar wutar tana nan a cikin maganar aure, wa da ƙani ba sa ba juna 'ya'ya.

Ustaz Nuru Sawaba: Malam Hadi ta kowane ɓangare ana yi. Mu ma an hana ɗalibinmu mata an ce ɗan Wahabiyya ne zai hana ta zuwa Maulidi ya raba ta da iyayenta. Ni ban goyi bayan ko ɗaya ba, Musulmi mai sallah ba a hana shi aure don wannan, amma kuma kar mu yi kamar ba matsala ba ce in miji da mata ba su yarda da juna a kan abin da za a koya wa yara ba.

Anti Rabi Asawase: To kun ga abin da nake faɗa ko. Malamai biyu sun yarda ana yi. Ni tambayata in auren ya lalace wa ke ɗaukar nauyi, har yanzu ba wanda ya amsa.

Mma Adiza Yalwa: Salamu alaikum, ɗiyata ce ke rubuta mini. Abdul ɗana na ji kukanka amma kar ku zagi lefe gaba ɗaya ba ku san amfaninsa ba. Mu a zamaninmu mace ba ta da akawun a banki, atamfar Holan da ke cikin akwatinta da kwanonin samira da aka jera mata a kabad har sama su ne dukiyarta, ranar da miji ya kwanta ciwo ko kasuwa ta karye sai ta zare turmi biyu ta kai Alabar ta sayar ta ja jarin koko da ƙosai ko wace wato shinkafa da wake, da haka muka yi wa yara kuɗin makaranta. Biki kuma bashi ne, ina da littafi har yanzu, duk wadda ta kawo mini gudummawa ranar auren ɗiyata an rubuta sunanta da abin da ta kawo, ranar nata in mayar da ƙari. In malam ya ce a ɗaura da Asuba a watse, to matar da ta yi shekara ashirin tana zuba wa mutane a ina za ta karɓi nata? Shi ya sa iyaye mata ke ƙin auren masallaci ba don ba sa son sunna ba. Abin da ya ɓata shi ne gasa, da a cikin gida ake yi mata zalla da lalle da wankan amarya da buɗan kai, yanzu sai an kama hol an sa a TikTok.

Abdul Fita Magazine: Mma Allah ya ƙara girma, wlh ban taɓa kallonsa ta nan ba, amma littafin naku a kanmu yake ƙarewa.

Rukayya Tek: Salam. Ina ta karantawa tun ɗazu, duk maza da iyaye ke magana a kanmu bari mu ma mu ce wani abu. Abin da ya fi canza auren Zango a ganina karatun mata ne, boko da na addini duka. Yayyenmu da yawa daga JHS wato ƙaramar sakandare aka cire su aka aurar, tun da aka fara SHS wato babbar sakandare kyauta a 2017 uba ba shi da hujjar cewa ba kuɗi, yarinya ta gama tana sha takwas sha tara ta wuce trenin na nas ko na tica ko jami'a, ta fito tana ashirin da huɗu, a unguwa an riga an fara ce mata ta tsufa, samarin unguwa kuma suna tsoronta wai ta yi boko da yawa ba za ta yi biyayya ba. To wa za ta aura? sai wanda ta haɗu da shi a GMSA ƙungiyar ɗalibai Musulmi ko wurin aiki, Dagomba ne ko Fante Musulmi ko Wala ba ruwanta in dai yana sallah. Kuma mu da ake cewa boko ya lalata mu mu ne muka fi sa hijabi fiye da iyayenmu a shekarunmu, mu ne muka karanta cewa Khansa'u bint Khidam babanta ya aurar da ita ba ta so Annabi SAW ya warware auren, muka karanta matar Sabit bin Ƙais ta nemi khul'i aka ba ta. Da ana ce wa mace haƙuri kawai shi ne addini, yanzu ta san tana da haƙƙi a cikin addinin, wannan ne wasu ba sa so su ji.

Malam Hadi Aboabo: Ɗiyata Rukayya a mazhabar Malikiyya uba yana da ikon aurar da budurwarsa, yana nan a littafi ba al'ada ba ce kawai. Amma malamanmu ma sun ce an so a nemi izininta, kuma ni a yau ba zan ɗaura auren da yarinya ke kuka ba, na ga ƙarshen irinsa.

Rukayya Tek: Na gode Malam, Allah ya saka. Wannan ɗin da kuka faɗa na ƙarshe shi muke so a riƙa faɗa a kan mumbari da ƙarfi.

Barista Sadiya: Assalamu alaikum. Anti Rabi bari in gwada amsa tambayarki ta ɓangaren doka don nan ne nake ganin hawayen matan Zango. A Ghana aure iri uku doka ta sani, na gargajiya, na odinans wanda ake yi a coci ko wurin rajistara, da na Musulmi a ƙarƙashin dokar 1907 da Turawa suka kafa. Wannan ta Musulmi ta ce a yi rajistar auren cikin sati ɗaya da ɗaurawa, ango da waliyyin amarya da shaidu biyu da limami mai lasisi su sa hannu. Ku tambayi kanku a gidanku aure nawa aka yi wa haka. Kusan babu. Ba mu kaɗai ba ne ma, ƙidayar 2021 ta nuna kusan huɗu cikin biyar na masu aure a ƙasar nan ba su yi rajista ba. Takardar da masallaci ke bugawa da hoton Ka'aba a sama tana da amfani a matsayin shaida amma ba ita ce rajistar da doka ke nufi ba, sai mace ta zo kotu maganar gida ko gado ko kuɗin ciyar da yara a fara da gardamar wai ma an yi auren ko ba a yi ba, a koma neman waɗanda suka ci goro ranar, rabinsu sun rasu.

Barista Sadiya: Na biyu, maza ku ji wannan da kyau. Auren odinans na mace ɗaya ne. In ka je ka sa hannu a kansa don neman biza ko don matarka ma'aikaciya ce tana son satifiket, sannan bayan shekara biyar ka ƙaro ta biyu a masallaci, a idon doka ka yi laifi kuma ta biyun ba matarka ba ce, ranar da ka mutu ita ce za ta sha wahala. Mutane da yawa sun sa hannu ba su san bambancin ba. Na uku gado, tun 1985 dokar gado ta PNDC 111 ta hau kan kowa Musulmi da Kirista in mutum ya mutu bai bar wasiyya ba, mata da yara su ke da gida ɗaya da kayan cikin gida, ragowar a kasa 16, mata 3 yara 9 iyaye 2 dangi 2 bisa al'ada. A Musulunci kuma matar da mijinta ya bar 'ya'ya tumuni take da shi. In iyali sun yarda malam ya raba ba mai hana su, amma mutum ɗaya ya ƙi ya tafi kotu to dokar ƙasa za a bi. Wanda ke son a raba masa bisa shari'a ya rubuta wasiyya tun yana da rai. Kuma shekarun aure 18 ne a dokar yara ta 1998, mace ko namiji.

Alhaji Garba Alabar: Barista wannan bayani ya kamata a karanta shi a kowane masallacin Juma'a daga Tafo har Sawaba. Mu mun tashi muna ganin zuwa ofishin gwamnati da maganar aure kamar raina malamai ne.

Ustaz Nuru Sawaba: Rajista ba ta saɓa wa shari'a ba, Allah ya ce a rubuta bashi a aya mafi tsawo a Alƙur'ani, to ina ga aure. Matsalar limamai kaɗan ne ke da lasisin, kuma sati ɗaya ya yi kaɗan, amarya ma ba ta gama tarewa ba.

Kwame Yusif: Salam alaikum, ku yi haƙuri da Hausata a Akwatia Line na koye ta. Babana Musulmi ne mamana Asante ce 'yar Methodist har ta rasu ba ta musulunta ba kuma ba wanda ya tilasta mata, ita ke tashinmu sahur. Irin gidanmu suna da yawa a Kumasi fiye da yadda ake faɗa. Da babana ya je kokooko wato gaisuwar neman aure dangin mama suka ce sai giyar shinaf, ya ce shi ba ya taɓa giya, aka daidaita a kan kuɗi da lemo. Wahalar ba a auren take ba a mutuwa take, da ta rasu abusua wato danginta na wajen uwa suka ce gawarsu ce za ta kwana firji wata biyu a yi babban biki, mu yara muna so a binne da wuri, ba mu da ta cewa don a wajen Asante dangin uwa ke da gawa. Ni abin da nake gani yanzu irin wannan auren yana raguwa ta ɓangarorin biyu, cocin Fentikos sun yi ƙarfi sosai suna hana 'yan matansu auren wanda ba ɗan coci ba, mu ma malamai suna cewa duk da Suratul Ma'ida ta halatta auren Ahlul Kitabi gara a bari saboda tarbiyyar yara. Kowa yana komawa cikin nasa. Shehu Sharubutu babban limamin Ghana ya shiga cocin Christ the King a Accra a 2019 duniya ta yaba, amma a ƙasa a maganar aure katangar tana ƙara tsawo ne.

Rukayya Tek: Yaya Kwame kuma in namiji ya auro Kirista a ce ya yi jihadi, in mace Musulma ta kai talatin ba miji ba mai tambayar ina mazan suka tafi.

Malam Hadi Aboabo: Mace Musulma dai ba ta auren wanda ba Musulmi ba, wannan ba saɓani a kai. Amma maganarki tana kan hanya, wanda ya tsallake 'yan matan unguwarsu ya kamata a tambaye shi.

Nas Hawa: Tunda an ambaci coci ni akwai abin da nake so mu koya daga gare su ba kunya. Coci da yawa ba sa ɗaura aure sai an yi watanni ana zama da saurayi da budurwa ana musu nasiha, a tura su gwajin jini, a sanar a gaban jama'a ko akwai mai magana. Mu kuma ranar ɗaurin aure ne malam ke fara ganin ango, amarya ma ba ya ganinta sam. A nan Kumasi aka fara gwajin sikila ga jarirai a 1995, kusan kashi 2 cikin 100 na jariran da ake haifa a Ghana suna da ita, kuma mu da muke auren zumunci ɗan wa da 'yar ƙani abin ya fi shafarmu. Ina ganin uwa a wod da yaro yana murƙususu ƙafa da hannu sun kumbura tana shafa masa tana kuka, ka tambaye ta ta ce ba wanda ya taɓa gaya musu AS da AS masu ɗauke da jinin sikila kar su yi aure, ƙarshe mijin ya gaji da kuɗin asibiti ya ƙara aure ya bar ta da jinya. Gwajin nan ba tsada, me zai hana masallatai su ce ba takardar gwaji ba fatiha?

Ustaz Nuru Sawaba: Wasu masallatan sun fara nasihar kafin aure, mu muna yi amma gsky zama ɗaya ne ko biyu kuma maza ne ke yi wa mace bayani, ya kamata a samu malamai mata a ciki. FOMWAG ƙungiyar mata Musulmi ta Ghana suna da mata masu ilimi a jawo su.

Baba Sule Bronx: Salam daga Amurka, nan dare ne amma na kasa barci sai na sa baki. Ba wanda ya taɓo namu na 'yan waje. Yaro yana Bronx ko Jamus ko Italiya ba takarda, a ɗaura masa aure a Aboabo ta waya ƙaninsa ya karɓa masa, a yi biki na gani na faɗa don boga ne wato ɗan waje, amarya ta tare ɗakin uwar miji tana jiran biza shekara biyar shekara bakwai, yana turo momo wato kuɗi ta waya duk wata amma aure ai ba momo ba ne. Iyaye suna ƙin ɗan unguwa mai sana'a irin Abdul su ba wanda ba su taɓa gani ba sai a hoto. Kuma ga 'yan matanmu da ke tafiya Saudiyya da Kuwait aikin gida don su tara kuɗin kayan ɗakinsu da kansu, su dawo a riƙa yi musu wani kallo. Malamai su yi mana bayani tsawon wane lokaci mace za ta zauna ba miji a kusa kafin ta sami ikon neman rabuwa, don mata da yawa ba su san suna da wannan ikon ba.

Malam Hadi Aboabo: Alhaji Sule tana da shi. In rashin mijin yana cutar da ita ta kai ƙara wurin alƙali ko wanda ke matsayinsa, a rubuta wa mijin ya dawo ko ya ɗauke ta ko ya sake ta, in ya ƙi a raba. To mu nan ba mu da kotun shari'a, sai ofishin limami ko majalisar Sarkin Zango, su kuma nasiha ce kawai a hannunsu ba su da ɗan sanda, miji ya kashe waya shi kenan.

Anti Rabi Asawase: Yawwa Malam, nan nake so a zo. Maigida da Alhaji ya ba mu labari yana da abin da zai riƙe mutum da shi, ɗaki da jari. Malam na yau ba shi da komai sai baki. Kotu tana da ƙarfi amma ba mu kai mata aurenmu ta sani ba. To mace tana tsakiya.

Abdul Fita Magazine: Wasu kuma cewa suke maganin duk wannan a ƙara aure mata sun yi yawa, alhali mu ko ɗaya ba mu samu ba, Alhazai masu kuɗi ke kwashe na unguwa.

Nas Hawa: Malam Abdul auren mace fiye da ɗaya ma raguwa yake a ƙasar baki ɗaya, binciken lafiya na ƙasa a 1988 ya samu kusan kashi 33 na matan aure suna da kishiya, zuwa 2014 ya sauko 16, haihuwa ma daga 6.4 ga kowace mace a 1988 ta dawo 3.9 a 2022. A cemba da hol wato ciki da falo ina za ka sa mata biyu? Abin da ya ƙaru shi ne na ɓoye, a ɗaura a Ejura ko Techiman da shaidu biyu abokansa, uwargida ba ta sani ba sai ranar zaman makoki mace ta shigo da yara biyu masu kama da mamacin.

Ustaz Nuru Sawaba: Wannan ba koyarwarmu ba ce, an ce a bayyana aure. Ayar da ta halatta huɗu ita ce ta ce in kun ji tsoron ba za ku yi adalci ba to ɗaya, mai ɓoye mata ya riga ya faɗi a adalcin kwana tun ranar farko.

Mma Adiza Yalwa: Ni da kishiyata shekara talatin muna gida ɗaya tukunya ɗaya, ita ta yi mini wankan jego, amma gidan ɗaki goma sha biyu ne kuma uwar mijinmu tana tsakar gida tana kallon kowa, in ya yi son kai ita za ta fara kiransa ɗaki. Yanzu kowa ya kama haya a Kenyase ko Buokrom shi da matarsa su biyu, in ya mare ta ba mai ji.

Barista Sadiya: Mma wannan akwai DOVVSU sashen da ke kula da cin zarafi a cikin gida a ofishin 'yan sanda kuma akwai dokar 2007 a kan duka a cikin gida, amma na san yarinyar Zango da ta kai mijinta can unguwa za ta ce ta tona asiri, har uwarta sai an daina gaishe ta. Shi ya sa nake ganin gyaran dole ta masallaci zai biyo don shi mutane ke jin maganarsa, limami ya samu lasisi, ya ajiye littafi, kafin fatiha ya ga takardar gwaji ya ji daga bakin yarinyar da kansa, a rubuta sadaki da duk sharaɗin da aka yi kamar za ta ci gaba da karatu ko aiki, a rubuta sunan mutum biyu ɗaya daga kowane gida da za a kira in rigima ta tashi, wannan ma ai yana cikin Suratun Nisa'i aya ta 35.

Alhaji Garba Alabar: Ni zan kai maganar nan wurin limaminmu da kaina in sha Allah. Malam Hadi da Ustaz Nuru in kun yarda ku zo mu je tare, in aka ga ku biyu a tabarma ɗaya kan magana ɗaya za a saurara.

Malam Hadi Aboabo: Ba matsala Alhaji, bayan La'asar ranar Asabar ina nan.

Ustaz Nuru Sawaba: Ina da darasi Asabar har Magariba, in Lahadi ce zan zo, kuma a gayyaci Malama Rabi da Barista don su suka san inda abin ke ciwo.

Abdul Fita Magazine: A sa maganar lis ɗin lefe a ciki don Allah, ko a ce ga iyaka kar a wuce. Barista tambaya, yayana ya yi aure shekara shida da suka wuce ba su yi rajistar nan ba yara uku, yanzu ya wuce kenan?

Barista Sadiya: Bai wuce ba amma tunda satin ya shige sai an nemi izinin alƙalin Babbar Kotu, ango ko waliyyi ya shigar da takardar rantsuwa ya faɗi dalilin jinkirin, in alƙali ya sa hannu sai a je a yi rajistar. Ya nemo takardar masallacin da aka ba su da shaidun nan biyu tun suna raye, kuma ya fara tambaya ko limamin da ya ɗaura yana da lasisi. Ka ce ya yi mini magana ta inbos in nuna masa yadda ake cikewa.